Yaushe Ake Saka Karan Ɗori a Kalmomin Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a cikin garin Katsina, yawancin aikina furojet ne na ɗalibai da wasiƙun neman aiki. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne ɗan layin nan da ake sakawa tsakanin kalmomin Turanci. Na buga “well known” an dawo da takardar an ce in saka layi, a wani shafin na saka an ce in cire. Akwai ƙa'ida ne, ko kowane malami da son ransa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Akwai ƙa'ida, kuma mai yiwuwa ne malamin da ya ce ka saka a shafi ɗaya, ya ce ka cire a wani, daidai ya yi a wuraren duka biyu.

Wannan ɗan layi shi ne muke kira karan ɗori, Turawa kuma suna ce masa “hyphen”. Sunan da Hausa ta ba shi ya dace da aikinsa, don kamar yadda mai ɗori ke ɗaura kara a jikin ƙashi har ɓangarori biyu su haɗe, haka shi ma yake riƙe kalmomi biyu ko uku su yi aikin kalma ɗaya. Mun saba da shi a rubutunmu: sannu-sannu, kaɗan-kaɗan, dafa-duka, faɗi-tashi, a-kori-kura. To amma wannan sabon shi ke rikita mu. A Hausa, kalmar da ke da karan ɗori tana tafe da abinta duk inda ta shiga, dafa-duka dafa-duka ce ko a farkon jimla ko a ƙarshenta. A Turanci kuwa iri biyu ne. Akwai wanda ke cikin ƙirar kalmar, wanda za ka tarar a ƙamus, kamar “mother-in-law” da “T-shirt”. Akwai kuma wanda marubuci ke sakawa saboda gurbin da kalmomin suka zauna a jimla, in sun bar gurbin ya cire shi. Gyaran da aka yi maka na iri na biyu ne, don haka da shi zan fara, a kansa kuma zan daɗe.

Fara lura da yadda harsunan biyu ke jera magana. Bahaushe kan ambaci abu sannan bayaninsa ya biyo baya: gida mai ɗaki biyar, yaro ɗan shekara goma. Muna da “mai” da “masu” da “ɗan” da “'yan” da ke nuna wace kalma ce ke tare da wace. Bature kuwa sai ya tara dukan bayanin a gaba, sunan ya zo daga ƙarshe, babu wata kalma a tsakani da za ta raba gardama. Ka ɗauki dillalin da ya aika saƙo daga kasuwar Mai'aduwa ya rubuta “three year old rams”. Raguna nawa ne, kuma shekarunsu nawa? Idan ya rubuta “three-year-old rams”, raguna ne 'yan shekara uku, bai faɗi adadinsu ba. Idan ya rubuta “three year-old rams”, raguna uku ne 'yan shekara ɗaya-ɗaya. Kalmomin ba su canza ba, wurin karan ɗorin kaɗai ya motsa, amma kaya ya bambanta, kuɗi ma ya bambanta. Aikin da “'yan” da “masu” ke yi mana, shi karan ɗori ke yi wa Turanci a rubuce.

Ƙa'idar ke nan: idan kalmomi biyu ko fiye suka taru suna siffanta suna a matsayin sifa guda, kuma suka zo kafin sunan, sai a ɗaure su. Idan suka koma bayan sunan, galibi bayan “is” ko “are” ko “was”, sai a sake su. Shi ya sa ake rubuta “a well-known trader” amma “the trader is well known”. Haka “an up-to-date record” da “the record is up to date”, haka “out-of-school children” da “children who are out of school”, haka “a face-to-face interview” da “we met face to face”, haka “a long-term plan” da “in the long term”. A bayan suna babu abin da zai rikice, don haka babu buƙatar ɗori.

Ga hanyar gwaji da za ka iya yi kana gaban kwamfuta. Ɗauki kowace kalma ita kaɗai ka jingina ta da sunan. A “a red plastic chair”, za ka iya cewa “red chair”, za ka iya cewa “plastic chair”, kowace na tsaye da ƙafarta, to babu karan ɗori. A “a five-bedroom house” kuwa, “five house” ba magana ba ce, “bedroom house” ma ba magana ba ce, sai sun haɗu suke ba da ma'ana, to a ɗaure su. Gwada da kalmomin da ke cika furojet ɗin ɗalibai za ka ga duk haka suke: “small-scale farmers”, “rain-fed farming”, “dry-season farming”, “open-ended questions”, “a five-point scale”, “a cross-sectional study”, “problem-solving skills”, “low-income families”.

Inda aka fi yin ɓarna a ƙasar nan shi ne inda lamba ta shigo. Idan lamba ta haɗu da suna suka zama sifa, abu biyu ke faruwa lokaci guda: karan ɗori ya shiga, harafin “s” na jam'i ya faɗi. Ana cewa “a three-day workshop”, “a four-year course”, “a ten-man committee”, “a two-storey building”, “a 50-kilogram bag”. Rubutun da kake gani a allunan sanarwa, “a three days workshop” ko “a 3-days seminar”, kuskure ne, kuma kuskure ne da mai karatu ke gani tun daga nesa. In ana son a bar “s” ɗin, to a sauya gini a ce “a workshop of three days”, ko a yi amfani da alamar mallaka kamar “two weeks' leave”, inda babu karan ɗori sam. Shekarun mutum suna ɗaukar kara biyu, “a 19-year-old student”, kuma mutane da yawa kan saka na farko su manta na biyu. In aka juya aka ce “she is 19 years old”, karan duka biyu sun tafi, “s” ya dawo. In kuma aka yi amfani da shi a matsayin suna, “a 19-year-old was admitted”, karan suna nan. Idan ma'aunin a taƙaice yake, rubutun kimiyya ba ya ɗaurewa: “a 50 kg bag”, “a 10 km road”. Haka ma “a 10 per cent increase” ana barinsa a sake.

Akwai wuraren da kalmomi biyu ke gaban suna amma ba a ɗaure su, kuma ya kamata ka san su don kada ƙa'idar ta wuce da kai gona da iri. Babba daga ciki shi ne bayanau mai ƙarewa da “ly”. Ana rubuta “a highly qualified teacher”, “a newly built mosque”, “randomly selected schools”, “a fully furnished flat”, duk babu kara, domin “ly” ɗin ya riga ya sanar da mai karatu cewa kalmar tana bayani ne a kan wadda ke biye da ita. Sai dai ka kula, ba kowace kalma mai ƙarewa da “ly” ce bayanau ba. “Family” suna ne, don haka “a family-owned business” na ɗauke da kara. “Friendly” sifa ce, don haka “a friendly-looking man”. Kalmar “very” ba ta ɗaukar kara ko kaɗan. “Well” da “ill” da “much” da “little” kuwa suna ɗauka a gaban suna: “a well-equipped laboratory”, “an ill-advised step”, “a much-needed repair”.

Sunayen hukumomi da wurare ma ba a taɓa su, ko da suna siffanta wani abu: “Katsina State students”, “a Supreme Court judge”, “Federal Government policy”. Manyan baƙaƙen sun wadatar wajen nuna cewa abu ɗaya ne. Haka kalmomin da suka daɗe tare har ido ya saba ganinsu a jere, irin su “secondary school teacher”, “local government chairman”, “civil service rules”. Haka kuma kalmomin da Turanci ya aro daga Latin: “ad hoc staff”, “a bona fide student”, “per capita income”. Na farkon nan ana yawan ɗaure shi lokacin zaɓe, ana rubuta “ad-hoc”, amma ƙamus a sake ya kawo shi.

A ɗaya gefen, wasu sifofin sun riga sun ƙame da karansu, ko'ina suka je ba sa rabuwa da shi. Za ka ce “he is self-employed”, “she is left-handed”, “the method is old-fashioned”, “the decision was short-sighted”, “the boy is good-looking”. Waɗannan sun koma iri na farko, na ƙamus. In ka yi shakka ko kalma ta ƙame ko ba ta ƙame ba, duba ta: idan ƙamus ya ba ta gurbin kanta da kara, bar mata shi.

Wani lokaci babu ƙa'idar da za ta yanke maka hukunci sai ma'anar da marubucin ke nufi, kuma nan ne ya kamata ka tambayi mai takardar maimakon ka yi hasashe. “A small-business owner” mai ƙaramar sana'a ne, “a small business owner” kuma ana iya fahimtarsa da ɗan kasuwa mai ƙaramin jiki. “Twenty-odd students” ɗalibai ashirin da 'yan kai ne, “twenty odd students” kuwa ɗalibai ashirin ne masu baƙon hali. “A little-used car” mota ce da ba a mora sosai ba, “a little used car” kuma 'yar ƙaramar mota ce ta hannu. “More-qualified teachers” malaman da suka fi ƙwarewa ne, “more qualified teachers” kuma ƙarin ƙwararrun malamai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a takardar yarjejeniya ko ta doka. A dokar harajin kayan shigowa ta Amurka ta shekarar 1872, waƙafi ya shiga tsakanin “fruit” da “plants” a jerin kayan da aka yafe wa haraji. Abin da ake nufi dashen itatuwan marmari ne, amma masu shigo da lemo da sauran kayan marmari suka kafe cewa su ma an yafe musu, gwamnati ta yi asarar kuɗi mai yawa kafin majalisa ta gyara a 1874 ta mayar da shi “fruit-plants”.

Akwai wani salo da ke kama da kuskuren bugu amma daidai ne. Idan sifofi biyu suka yi tarayya a kalmar ƙarshe, ana barin karan na farko a rataye, sannan a ba da tazara: “first- and second-year students”, “short- and long-term loans”, “a two- to three-week delay”. Kada ka goge shi, kada kuma ka manne shi da “and”.

Lambobin da ake rubutawa da kalmomi kuwa ƙa'idarsu gajeriya ce. Daga 21 zuwa 99, duk lambar da ke da kalma biyu tana ɗaukar kara: “twenty-one”, “forty-five”, “ninety-nine”. “Hundred” da “thousand” da “million” ba sa ɗauka. Don haka a cak ko rasit ko takardar cinikin fili, N245,600 zai zama “two hundred and forty-five thousand, six hundred naira”, kara ɗaya tak. Na jeri ma haka, “twenty-first”, “thirty-second”. Kason abu ana ɗaure shi, “one-third”, “two-thirds majority”, “three-quarters”.

Sai ɗafa-goshi, wato guntayen da ake liƙawa a gaban kalma. Asali a manne suke babu kara: “unhappy”, “misuse”, “postgraduate”, “undergraduate”, “overtime”, “international”. Kara na shigowa ne da dalili. Uku daga cikinsu kusan kullum suna tafe da shi: “ex-” mai ma'anar tsohon, kamar “ex-governor”, “self-” kamar “self-help” da “self-esteem”, da “all-” kamar “all-inclusive”. “Selfish” da “selfless” ba sa ciki, don a nan “self” ita ce tushen kalmar. Idan abin da ke biye ya fara da babban baƙi ko lamba, dole a saka: “pre-Islamic”, “non-Hausa”, “mid-September”, “post-1960”. Idan wasali iri ɗaya suka yi karo har karatu zai yi wuya, a raba su: “re-elect”, “re-enter”, “anti-inflammatory”, “semi-illiterate”, “co-owner”. Ɗafa-ƙeyar “-elect”, wato guntun da ake liƙawa a bayan kalma, ita ma tana ɗauka, “governor-elect”, wanda aka zaɓa bai kai ga rantsuwa ba.

Dalili na ƙarshe a wannan babi shi ne mafi haɗari ga mai buga wasiƙu. Wasu kalmomin in ka cire musu kara sai su zama wata kalma dabam. “Re-sign” sake sa hannu ne, “resign” kuwa ajiye aiki. Ka duba wasiƙar da ma'aikaci ke son ya ce zai sake sa hannu a kwantiragi, aka buga masa cewa zai yi murabus. “Re-cover” sake rufewa ne, “recover” warkewa ko ƙwato abu. “Re-form” sake kafawa, “reform” gyara. “Re-mark” sake duba takardar jarrabawa a ba da maki, “remark” tsokaci. Ɗalibin da ke neman a sake duba masa takarda “re-mark” yake nema.

Yanzu mu koma iri na farko, wanda ke cikin ƙirar kalma. A nan gaskiyar magana ita ce babu ƙa'idar da za ta fisshe ka, sai ƙamus, kuma sabo. Harɗaɗɗen suna a Turanci yakan bi matakai uku: ya fara a rabe, ya samu kara, daga baya ya manne. Tsofaffin littattafai na rubuta “to-day” da “to-morrow” da “to-night”, yau babu mai yin haka. “Week-end” da “class-room” da “head-master” da “on-going” duk sun manne, amma har yanzu ana ganinsu da kara a takardunmu, saboda wanda ya koyar ya koya ne daga tsohon littafi. A 2007, bugu na shida na ƙamus ɗin Shorter Oxford ya cire karan ɗori daga kalmomi kimanin 16,000. Wasu aka raba su, kamar “ice cream” da “test tube” da “fig leaf”, wasu aka manne, kamar “chickpea” da “pigeonhole” da “bumblebee”. “E-mail” ma ta bi wannan hanya: kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya koma “email” a 2011, ko da yake “e-commerce” da “e-learning” suna nan da karansu. Don haka ƙamus ɗin da aka gada tun zamanin makarantar horon malamai yana da amfaninsa, amma a wannan fanni zai iya sa ka rubuta abin da aka bari.

Turancin Ingila ya fi na Amurka riƙe kara, mu kuma makarantunmu da jarrabawar WAEC da NECO na Ingila muka gada. A Ingila “north-west”, a Amurka “northwest”. A Ingila “socio-economic” da “non-violent”, a Amurka akan manne su. “Co-operate” da “cooperate” duk sun halatta, na biyun ne ke rinjaye yanzu. A irin wannan wuri abin da ake tuhumar mutum da shi shi ne rashin tsayawa a kan ɗaya. Idan babi na ɗaya ya ce “socio-economic”, kada babi na huɗu ya ce “socioeconomic”.

Sunayen muƙamai suna da tasu al'ada a Najeriya, kuma tunda kana buga wasiƙu zuwa ofisoshi, riƙe su. Ana rubuta “Vice-Chancellor”, “Attorney-General”, “Accountant-General”, “Director-General”, “Inspector-General”, “Commander-in-Chief”. Tsarin mulkin 1999 ya rubuta “Vice-President” da kara amma “Deputy Governor” babu. “Deputy” da “Assistant” da “Acting” ba sa ɗauka. Wajen jam'i, “s” na hawa kan babbar kalmar ne: “Directors-General”, “mothers-in-law”, “passers-by”. Sai kalmar da ake yawan ɓatawa, “in charge”. A matsayin muƙami ana iya rubuta “Officer-in-Charge”, amma a cikin jimla “he is in charge of the store” kalmomi biyu ne a sake. A dangantaka kuma, duk surukai suna da kara biyu, “father-in-law”, “sister-in-law”, duk “great-” na ɗauka kamar “great-grandfather”, amma “grandmother” da “stepmother” a manne suke.

Ga wani tarko da ke kama har waɗanda suka iya Turanci. Aikatau mai kalma biyu ba ya ɗaukar kara, sunan da aka samo daga gare shi ne ke ɗauka ko ya manne. “We will follow up the matter” amma “a follow-up visit”. “Please check in early” amma “the check-in desk”. “The car may break down” amma “a breakdown of expenses”. “Log in to the portal” amma “your login details”. Yadda za ka gane: gwada sauya lokacin aikin. Idan za ka iya cewa “followed up” ko “checking in”, aikatau ne, raba su. Kusa da wannan akwai kalmomin da ba su da kara kuma ba a manne su: “in fact”, “in spite of”, “a lot”, “as well”, “thank you”. “Every day” na nufin kullum, “everyday” kuma sifa ce ta abin yau da gobe, kamar “everyday use”. Kalmomin da suka fara da harafi guda kuwa suna riƙe da karansu: “X-ray”, “U-turn”, “T-junction”, “t-test”.

Sunan mutum da na gari ba ka da ikon gyara su da wata ƙa'ida. Jami'ar tarayya da ke jihar nan tana rubuta Dutsin-Ma da kara, Katsina-Ala ta jihar Binuwai ma haka, Ado-Ekiti da Ile-Ife haka, amma Birnin Kebbi da Port Harcourt babu. Yar'adua ba kara ke cikinsa ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci a shagonka shi ne sunan abokin ciniki. Abdul-Aziz da Abdulaziz da Abdul Aziz a kunne suna ɗaya ne, a kwamfutar banki ko ta hukumar jarrabawa kuwa za su iya zama mutum uku. Karɓi katin ɗan ƙasa ko satifiket ɗinsa ka kwafa harafi da harafi, kada ka dogara da yadda ya furta.

Saura aikin karan ɗori na raba kalma a ƙarshen layi. Ga mai rubutun hannu, ana yankewa ne a kan gaɓa, karan kuma a ƙarshen layin sama yake zama, ba a farkon na ƙasa ba. Kalma mai gaɓa ɗaya ba a yanka ta komai tsawonta, “through”, “strength”, “school”. Ba a barin harafi ɗaya shi kaɗai, kamar “a-bout”. Baƙi biyu masu kama ana shiga tsakaninsu, “let-ter”, “run-ning”, sai idan tushen kalmar ne ya ƙare da su, “spell-ing”. Kalmar da ke da kara tun asali a kan karan kaɗai ake yanka ta. A guji yankan da zai haifar da wata kalma, kamar “leg-end” a madadin “legend”. Ɗalibin da ke zauren jarrabawa ya fi masa sauƙi ya kwashe kalmar gaba ɗaya zuwa sabon layi, don yanka a inda bai dace ba ana lissafa shi cikin kurakuran rubutu.

Kai da ke kan kwamfuta, kada ka taɓa buga kara da hannunka don kalma ta dace da ƙarshen layi. Da zarar an ƙara jimla a sama ko an sauya girman rubutu, kalmar za ta koma tsakiyar layi da karan a cikinta, sai ka ga “develop-ment” zaune a tsakiyar sakin layi. A Microsoft Word, in kana son nuna inda za a iya yankewa, danna Ctrl tare da maɓallin kara, zai ɓuya sai an buƙace shi. In kuma ba ka son layi ya raba abu kamar “Covid-19” ko lambar takarda, danna Ctrl da Shift da maɓallin kara. Sannan kada ka dogara da jan layin da Word ke yi a ƙarƙashin kuskure. Yakan duba kowane ɓangare ne shi kaɗai, don haka “class-room” da “week-end” za su iya wucewa bai ce komai ba. Ka kuma tabbatar harshen dubawa yana kan Turancin Ingila kafin ka fara aiki.

Karan ɗori ba ya son tazara, ba gabansa ba bayansa. “Well - known” da “well- known” duk kuskure ne, in ban da ratayayyen nan da na ambata. Yana kuma da 'yan'uwa biyu da suka fi shi tsawo, waɗanda aikinsu dabam ne. Matsakaicin shi ke nuna daga kaza zuwa kaza, kamar shafi 12–18 ko 2019–2023, shi kuma ake sawa a “Katsina–Daura road”. Ana samunsa da Ctrl da alamar ragi ta ɓangaren lambobi a dama da kibod. Dogon kuwa na katse magana ne a tsakiyar jimla, ana samunsa da Ctrl da Alt da wannan alamar ragi. Idan ka fara da “from” sai ka ƙarasa da “to”, idan ka fara da “between” sai “and”. “From 8-10 a.m.” gauraye ne, ko dai “from 8 to 10 a.m.” ko “8–10 a.m.” kawai.

Kafin ka fitar da furojet, ga dubawar da ba ta wuce minti goma. Danna Ctrl da F ka nemi “ly-”, duk inda ya fito ka duba ko bayanau ne ka cire karan. Nemi “year”, “day”, “week” da “month”, ka ga waɗanda ke gaban suna ko suna da kara kuma “s” ya faɗi. Nemi “well” ka duba kowanne, gaban suna yake ko bayansa. Nemi tazara haɗe da kara don kamo waɗanda suka rabu. Daga nan ka ɗauki kalmomi biyar ko shida da suka fi maimaituwa a aikin, irin su “socio-economic” ko “decision-making” ko “pre-test”, ka nemi kowace da siffofinta uku, a rabe da ɗaure da manne, ka mayar da su siffa ɗaya. Idan sashen da ɗalibin yake yana da takardar ƙa'idar rubutun furojet, ka ce ya kawo maka ita tun ranar da ya kawo aikin, siffar da ke cikinta ita za ka bi.